Na'urar da ke amsa tambaya daga cikin takarduna: wata uku a wani shago a Samaru

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin malamin gona, kuma abin da na fito da shi daga aikin, ban da ciwon bayan da hawan babur ya bar mini, shi ne kwalaye huɗu na takardu: ƙasidun wayar da kan manoma, rahotannin ƙarshen damina, takardun kwas da 'yan littattafan jagora, wasu da Turanci wasu da Hausa, mafi tsufansu tun na shekarun 1970 waɗanda na gada daga wanda na karɓi aiki a hannunsa. Da ƙungiyar manoman unguwarmu ta ɗora mini rubuta ɗan jagora kan noman masara, wake da gyaɗa, sai na tarar ina iya shafe yini guda ina neman magana ɗaya da na tabbata na taɓa karantawa, amma na manta a wace takarda take. A cikin wannan hali ne wani tsohon abokin aiki ya kai ni wani shagon kwamfuta a Samaru, ba nisa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, a cikin jerin shagunan da ke buga wa ɗalibai kundi suna yi musu fotokwafi, inda wani matashi ya buɗe hidimar da ya ce za ta raba ni da wannan wahala. Na yi wata uku ina amfani da ita, kuma ina ganin lokacin ya isa mutum ya faɗi abin da ya gani.

Tsarin hidimar ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai kai takardunsa a ɗauki hoton kowane shafi, wata manhaja ta mayar da hoton rubutun da kwamfuta za ta iya karantawa, sannan a zuba komai a rumbun da aka keɓe masa shi kaɗai. Daga nan zai iya zama a shagon ya buga tambaya, ko ya aiko ta daga gida ta WhatsApp, amsa ta zo masa cikin 'yan daƙiƙu, a ƙarƙashinta kuma sunan takardar da lambar shafin da aka samo ta. Ana biyan kuɗin ɗaukar hoto a kan kowane shafi sau ɗaya, sai kuma kuɗin wata. Shagon ƙarami ne, yana da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aiki, amma a lokacin da ɗalibai ke rububin kammala kundi da ƙyar mutum zai sami kujera. An yi mini alkawarin gama ɗaukar hoton takarduna cikin kwana huɗu, aka kwashe tara, kuma wata ƙasida ta dawo mini an cire mata ƙarfen da ya riƙe ta, shafukanta a hargitse. Mai shagon ya ba da haƙuri, ya zauna da kansa ya jera su, ban sake ganin irin wannan ba.

Da yake ni mutum ne da ba ya son ya ba manomi maganin da bai san abin da ke cikinsa ba, tun ranar farko na tambayi mai shagon yadda na'urar take samo amsa. Bayanin da ya yi mini shi ne ya fi komai amfani a duk abin da na biya wa kuɗi. Ya ce: «Baba, ka ɗauka ma'aikata biyu ne. Na farko ɗan aike ne, shi ke shiga rumbu ya ɗauko gutsure biyar da yake zaton amsar tana ciki. Na biyu shi ne mai karatu, kuma ba ya ganin komai sai abin da ɗan aiken ya ajiye a gabansa.» Na ce masa: «To ɗana, idan ɗan aiken ya ɗauko abin da ba shi ba fa?» Ya yi dariya ya ce a nan ne gizo yake saƙa. Wata uku da na yi ina gwaji sun tabbatar mini da gaskiyarsa, domin kusan duk amsar banza da na samu, idan na bi sawunta, a wurin ɗaukowa aka yi ɓatan kai, mai karatun kuwa ya karanta abin da aka ba shi ne da iyakar gaskiyarsa.

Kafin a kai ga ɗan aike, sai an yanyanka takardun. Na'urar ba ta ɗaukar ƙasida sukutum, tana raba ta gutsure-gutsure ne, kowane gutsure sakin layi ɗaya ko biyu, domin mai karatun yana da iyakar abin da zai iya riƙewa a lokaci guda, kuma gajeren gutsure ya fi sauƙin dacewa da tambaya. Wannan tsohuwar dabara ce a fagen: a wani sanannen bincike na 2020 da masana na kamfanin Facebook da abokan aikinsu suka yi, sun yanka Wikipedia ta Turanci zuwa gutsure kimanin miliyan 21, kowanne kalma 100. Mai shagon ya ce nasa gutsuren sun ɗan fi haka tsawo, kuma yana barin ƙarshen kowanne ya shiga farkon na gaba don kada jimla ta tsinke a tsakiya. Zan dawo kan wannan yanka, domin ya taɓa jawo mini amsar da ta kusa shiga jagorarmu da kuskure.

Ɗan aiken yana da hanya biyu ta nema. Ta farko ita ce bin kalma, wato a yi wa rumbun fihirisa irin wadda ake samu a ƙarshen manyan littattafai, inda kowace kalma take da jerin gutsuren da ta fito a cikinsu. Hikimar da ke ciki ita ce ba a ba kalmomi nauyi ɗaya. Kalmar da ke ko'ina, kamar «da» ko «na» ko «noma» a cikin takardun malamin gona, ba ta nuna hanya, amma kalmar da ba ta fito ba sai a wuri uku ko huɗu ita ce fitila. Wata masaniya ta Jami'ar Kambirij a Ingila, Karen Spärck Jones, ita ce ta tsara wannan ma'auni a 1972, daga baya kuma Stephen Robertson da abokan aikinsa a Landan suka inganta shi a shekarun 1990 ya zama lissafin da ake kira BM25, wanda har yau ake aiki da shi. Da na tambayi tazarar shukar SAMNUT 24, ɗaya daga cikin irin gyaɗar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta nan Samaru ta fitar, wannan hanya ce ta kai ni shafin kai tsaye, domin sunan irin bai fito a wurare da yawa ba.

Hanya ta biyu ita ce bin ma'ana, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki. Ana mayar da kowane gutsure jerin lambobi masu yawa, ita ma tambayar a mayar da ita haka, sannan a duba waɗanne gutsure ne lambobinsu suka fi kusa da na tambayar. Manhajar da ke wannan aiki ta koyi hakan ne daga karanta ɗimbin rubutu, har ta gane cewa kalmomin da ke yawan zama a mahalli iri ɗaya ma'anarsu tana kusa. Wani samfurin irin wannan manhaja mai suna BERT, wanda kamfanin Google ya fitar a 2018, ƙaraminsa yana wakiltar rubutu da lambobi 768. Na gwada ta da ciyawar nan da ke shanye dawa da masara, wadda wasu ke kira wuta-wuta wasu kuma ƙuduji, takardun Turanci kuwa suna rubuta sunanta na kimiyya, Striga. Na yi tambayar da «wuta-wuta», sai ga shi ta kawo mini gutsure daga wani rahoton Turanci da babu wannan kalma a cikinsa ko sau ɗaya, yana bayanin juya shuka da waken suya da ƙara taki. Bin kalma kaɗai ba zai taɓa samo wannan ba, hasali ma da shi kaɗai aka bari da sai ya kawo mini gargaɗi kan ƙona daji. Sai dai hanyar ma'ana tana da nata makantar: a wurinta SAMNUT 23 da SAMNUT 24 kusan abu ɗaya ne, tunda duk sunan irin gyaɗa ne mai lamba, alhali kuwa manomin da ya sayi ɗaya a madadin ɗaya ya san ba ɗaya ba ne. Saboda haka mai shagon yake haɗa hanyoyin biyu ya gauraya sakamakonsu, kuma a ganina wannan ne mafi kyawun shawarar da ya yanke.

Shi ma mai karatun iri biyu ne, kuma shagon yana ba da zaɓi. Akwai wanda ke ja layi kawai a ƙarƙashin jimlar da ke ɗauke da amsa ya miƙo ta yadda take a takarda, irin aikin da aka horar da na'urori a kansa da tarin tambayoyi sama da 100,000 da Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar a 2016, inda kowace amsa yanki ce daga cikin sakin layin Wikipedia. Akwai kuma wanda ke karanta gutsuren biyar ya tsara amsa da kalmominsa, wato irin ƙirƙirarriyar basirar da ta cika wayoyin matasa yanzu. Na biyun ya fi daɗin karantawa nesa ba kusa ba, yana iya haɗa magana daga takardu uku ya fitar da ita da Hausa mai santsi. Amma bayan mako biyu na koma wa na farkon a duk tambayar da ta shafi adadi ko magani, domin santsin harshen na biyun yana sa mutum ya yi kasala wajen duba shafi, kuma amsar da ba ta da tushe tana zuwa da natsuwar murya ɗaya da amsar gaskiya.

Inda hidimar ta yi fice shi ne takardun Turanci da aka buga da injin ɗab'i mai kyau. Tazarar shukar masara, santimita 75 tsakanin kunya da kunya da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, ta fito nan take tare da shafinta. Da na tambayi annobar kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, ta zaƙulo mini wani rahoto da na manta ma ina da shi, wanda ya yi bayanin ƙwaron da ke yaɗa cutar da amfanin shuka da wuri da kuma cika gona da shuka. Aikin da zai ci mini yini ya koma na minti biyar. Ga ɗalibin da ke da maƙaloli ɗari na Turanci a kwamfutarsa, ba ni da wata tantama cewa kuɗinsa ba zai tafi a banza ba.

Takardun Hausa kuwa labarinsu daban ne, kuma a nan zan daɗe, domin mu ne masu harshen kuma mu abin ya shafa. Matsala ta farko daga rubutunmu take, tunda boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Na tambayi shawarar da aka ba manoma lokacin farin 1973, sai ɗan aike ya dawo mini da gutsure kan farin wake da farin taki, saboda a idon fihirisa «farin» ɗaya ne, ko na rashin ruwa ko na launi. Haka «gari» na zama da «gari» na tuwo, haka «fara» mai cin amfanin gona da «fara» ta soma aiki. Bahaushe yana raba su ba tare da ya yi tunani ba, domin jimlar tana gaya masa, kuma hanyar ma'ana ya kamata ta yi hakan, sai dai manhajar ba ta karanta Hausa da yawa ba a lokacin da aka horar da ita, don haka a kan Hausa ganinta dishi-dishi ne.

Matsala ta biyu ita ce haruffa masu ƙugiya. A cikin kwalayena kalmar gyaɗa ta zo da fuska uku: wadda aka buga a maɗaba'a da ƙugiyarta, kamar yadda Kamfanin Gaskiya na Zariya ya saba bugawa, da wadda aka buga da tafireta aka sa mata ɗan waƙafi a sama a madadin ƙugiya, da wadda aka rubuta «gyada» kawai. Ga kuma manhajar da ke karanta hoton shafi, wadda ba ta san ƙugiya sosai ba, tana mayar da «ƙ» ta koma «k» ko wani harafi dabam, «ɗ» kuma wani lokaci ta tsage gida biyu. Maganin da mai shagon ya yi shi ne ya sa a cire ƙugiya daga komai, tambaya da takarda, kafin a yi nema. Wannan ya haɗa fuskokin gyaɗa uku wuri guda, amma ya haifar da wata sabuwar cuta, domin yanzu ƙwari masu cin shuka da kwari inda ruwa ke kwanciya sun zama kalma ɗaya. Na tambayi maganin ƙwari a gonar shinkafa, aka kawo mini shafi biyu kan yadda ake gyara kwari don noman shinkafa. Na nuna masa, ya yi shiru, sannan ya ce: «Baba, wallahi ban taɓa lura ba.» Ban ga laifinsa sosai ba, yaron birni ne, bai taɓa noma a kwari ba.

Ta uku ita ce jam'i. Turanci yakan ƙara harafi ɗaya a ƙarshen kalma, manhajojin nema kuma an daɗe da koya musu datse shi, amma wace datsewa ce za ta haɗa akuya da awaki, ko tunkiya da tumaki, ko ƙwaro da ƙwari? Na koyi yin tambaya sau biyu, da tilo da jam'i, kuma sau da yawa sakamakon yakan bambanta. Wani abin da ya fi ba ni haushi shi ne, idan na yi tambaya da Hausa a kan takardar Turanci, amsar takan fi kyau a kan in yi tambaya da Hausa a kan takardar Hausa, domin a hali na farko ana fassara tambayar ne a yi neman a harshen da na'urar ta ƙware a kai. Mai shagon ya gaya mini cewa wannan gurguntaka ba a shagonsa ta tsaya ba: a 2023 ne masu bincike, ciki har da 'yan Masakhane, ƙungiyar masu binciken sa kwamfuta ta fahimci harsunan Afirka, suka fitar da tarin tambayoyi mai suna AfriQA, sama da 12,000 a harsunan Afirka goma ciki har da Hausa, kuma su ma sun tsara shi ne a yi tambaya da harshen gida a nemo amsar a rubutun Turanci ko Faransanci, saboda ƙarancin rubutun harsunanmu a intanet. Idan aka kwatanta wannan adadi, wanda harsuna goma suka raba, da abin da Turanci kaɗai ya samu tun 2016, za a ga inda ratar ta fito.

Yanzu ga maganar yanka da na ce zan dawo kanta. Na tambayi yawan takin da hekta ɗaya ta masara ke bukata, aka ba ni amsa a taƙaice: kilo 120. Lambar tana cikin takardata, ba ƙirƙiro ta aka yi ba, amma daga wani jadawali aka ciro ta wanda wuƙar yanka ta raba kansa da jikinsa, kan ya tafi gutsure ɗaya, lambobin suka tafi wani. Abin da jadawalin yake nufi shi ne kilo 120 na sinadarin naitirojin tsantsa, tare da kilo 60 na fosfet da kilo 60 na fotash. Wanda ya san aikin zai lissafa cewa buhu takwas na NPK 15-15-15, mai kilo 50 kowanne, su ne za su ba da kilo 60 na kowane sinadari, sannan ragowar kilo 60 na naitirojin a cike shi da yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata ne naitirojin, wato kimanin kilo 130, buhu biyu da rabi da ɗan ɗori. Jimilla buhu goma da wani abu ke nan. Manomin da ya karanta «kilo 120» zai sayi buhu biyu da rabi ya zuba a hekta guda, ya zauna yana jiran abin da ba zai zo ba. A wata tambayar kuma na'urar ta haɗa adadin tsohuwar takarda mai lissafi da eka da na sabuwa mai lissafi da hekta ba tare da ta faɗa ba, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ajiyar wake. Na tambayi abin da za a yi kada ƙwari su ci wake a rumbu, sai ta ba ni shawarar barbaɗa maganin nan mai sinadarin linden, wanda mutanenmu suka fi sani da gamalin, ta kuma nuna mini shafin wata tsohuwar ƙasida ta shekarun 1970. A zamaninta shawarar ke nan, amma tun 2009 aka sa linden cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Sitokholm ta ƙasashen duniya ta ce a kawar da su, saboda daɗewarsa a ƙasa da jikin ɗan Adam. A cikin rumbun nawa akwai sabuwar takarda kan buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska, wanda masanan Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, wanda ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Ɗan aiken bai ɗauko ta ba, domin kalmomin tsohuwar ƙasidar sun fi kama da kalmomin tambayata. Lissafin kusancin kalma ko na ma'ana ba shi da ido a kan shekara, sai idan an gina masa shi da gangan. Ni na san gamalin, na san abin da ya sa aka bar shi, amma sakataren ƙungiyarmu, wanda na so in bar masa lambar WhatsApp ɗin ya riƙa amsa wa manoma, bai sani ba. Tun ranar na fasa wannan niyya.

Na kuma yi mata gwajin da nake yi wa sababbin malaman gona, wato in tambayi abin da na san ba su da amsarsa in ga ko za su ce ba su sani ba. Takarduna sun tsaya kafin 2016, shekarar da aka fara ganin tsutsar nan mai cin kunnen masara a Afirka, wadda ta fito daga nahiyar Amurka kuma Nijeriya tana cikin wuraren farko da aka gan ta. Babu kalma ɗaya a kanta a kwalayena. Mai ja layi ya miƙo mini jimla kan tsutsa mai huda kara, mai tsara amsa kuwa ya rubuta mini sakin layi cikakke, ya ɗauki bayanin waccan tsutsar ya yafa wa wannan. Dalilin a fili yake: ɗan aike ba ya dawowa hannu rabbana, ko babu amsa sai ya kawo gutsure biyar mafi kusa. Masanan Stanford sun san da wannan cuta, shi ya sa a 2018 suka ƙara tambayoyi sama da 50,000 marasa amsa a cikin tarinsu, don a koya wa na'ura yin shiru. Da mai shagon yake yi mini alfahari da na'urar Watson ta kamfanin IBM, wadda ta doke zakarun gasar kacici-kacici ta talabijin a Amurka a 2011, sai ya ba ni labarin cewa ita ma ta taɓa amsa «Toronto» a tambayar da ta shafi biranen Amurka. Na tambaye shi abin da ya hana a yi mata dariya har abada, ya ce ai ta jera alamomin tambaya a bayan amsar, don ta nuna ba ta da tabbas. Na ce masa wannan alamar ce nake nema a shagonsa ban samu ba.

Akwai irin tambayar da ba ta iyawa sam, kamar a ce rahotanni nawa ne suka ambaci ƙarancin taki, ko a wace shekara aka fi kukan fara, domin amsar tana bukatar a karanta rumbun duka, ita kuwa gutsure biyar take gani. Gara mutum ya san haka tun farko ya huta.

Game da amana, na tambaye shi inda takarduna suke kwana. Fihirisar da hotunan shafukan suna kan kwamfutarsa a shago, amma mai tsara amsa haya yake yi daga wani kamfani na ƙasar waje, saboda haka duk gutsuren da aka ɗauko tare da tambayar mutum sai sun fita ta intanet sun dawo. Ƙasidun noma ba sirri ba ne, amma da takardun gado ne ko na filaye ko na asibiti, da ban kai ba. Ya kamata a rubuta wannan a manna a bango, maimakon a jira sai wanda ya tambaya. Hayar da dala ake biyanta, shi ya sa kuɗin wata ya canza sau ɗaya a cikin wata ukun, kuma shi ya sa ban ga amfanin rubuta farashi a nan ba, ko da yake har yanzu bai kai abin da nake kashewa a kan data ba. Ranar da sabis ya yi rauni kuma, mai tsara amsa yakan tsaya cik, sai mai ja layi kaɗai ke aiki, abin da ni bai dame ni ba.

Wanda zan tura shagon shi ne mutumin da ya san fanninsa, yake da takardu fiye da abin da ƙwaƙwalwarsa za ta riƙe, kuma yake da haƙurin buɗe shafin da aka nuna masa kowane lokaci: malami, ɗalibin babban digiri, lauya mai neman sashe, ma'aikacin da ya gaji tarin fayil. Wanda ba zan tura ba shi ne mai neman wanda zai yanke masa hukunci a kan abin da bai sani ba, musamman idan takardun na Hausa ne, ko tsofaffi, ko masu jadawali. Abin da na yaba wa mai shagon shi ne yana jin gyara. Bayan maganar gamalin ya zauna ya sa wa kowace takarda shekararta, yanzu amsa tana fitowa da shekarar a gaban lambar shafi, kuma ana iya cewa a nemo daga 2000 zuwa sama kawai. Ya daina yanka jadawali, yana barinsa gutsure guda da kansa da jikinsa. Na rubuta masa jerin kalmomin noma da jam'insu da takwarorinsu, wuta-wuta da ƙuduji, akuya da awaki, har shafi uku, ya shigar da su, ya kuma ware ƙwari da kwari cikin kalmomin da ba za a cire wa ƙugiya ba. Batun sa na'urar ta riƙa cewa «ban sani ba» kuwa har yanzu yana kansa, ya ce yana gwada wani ma'auni da zai sa ta yi shiru idan gutsuren da aka ɗauko sun yi nisa da tambaya, amma da ya tsaurara shi sai ta fara yin shiru a kan tambayoyin da amsarsu ke nan ƙuru-ƙuru.

Na sabunta biyan wata na huɗu, kuma babin masara da na gyaɗa sun kammala, kowane adadi a cikinsu na duba shi a takardar asali da idona. Saura rabin kwali da na dawo da shi gida ba a taɓa ba, wasiƙun da manoman ƙauyukan Giwa da Soba suka riƙa aiko mini da ajami, waɗanda manhajar gane haruffa ta mayar da shafin gwaji ɗaya daga cikinsu tarkacen alamomi. Mun yi da mai shagon cewa bayan girbi zan riƙa zuwa ranar Asabar ina karanta masa su da baki, shi kuma yana bugawa da boko, da ƙugiyoyinsu.